Giyar inabi: ranar da masu ɗanɗana tara suka kunyata Faransa a gida

A ranar 24 ga watan Mayun 1976, a otel ɗin InterContinental da ke birnin Paris, wasu Faransawa tara suka zauna gaban jerin kofunan gilashi. Dukkansu manya ne a harkar giyar inabi: akwai masu gonaki, akwai masu manyan gidajen abinci, akwai shugabar wata mujalla da ta shahara a fannin. Aikin da aka ba su shi ne su ɗanɗana giya iri 20, su ba kowace maki bisa 20, ba tare da sun ga sunan mai ita ko ƙasar da ta fito ba. Da aka tattara maki, sai ga giyar jihar Kalifoniya ta Amurka a sahun farko, a ɓangaren fara da kuma ɓangaren ja, ta doke sunayen da Faransa ta fi alfahari da su.

Musulunci ya haramta barasa, kuma mafi yawan ƴan Nijar ba su da hulɗa da ita. Amma a Faransa noman inabi sana'a ce da ke ciyar da jihohi guda, kuma giyarsa na cikin kayan da suka fi shigo wa ƙasar da kuɗi daga waje. A cikin wannan sana'ar ne aka fara tsara dokokin kare sunan kaya bisa wurin da suka fito, tsarin da a yau ya iso kan albasar Galmi da kilishin Nijar. Labarin masu ɗanɗana yana nuna yadda suna ke ɗaga farashi, da kuma abin da ke riƙe sunan ko ya kayar da shi.

Yadda ake ɗanɗanawa

Giyar inabi ruwan ƴaƴan inabi ne da aka matse aka bari ya tsimu, ƙwayoyin yis suka mayar da sukarin da ke ciki barasa. Galibi barasar takan kai kashi 12 zuwa 14 cikin 100. Fara ana yin ta da ruwan kawai, ja kuwa ana barin ɓawon inabin a ciki lokacin tsimuwa, daga nan take samun launinta.

Mai ɗanɗana yakan fara da ido. Yana riƙe kofin ta ƙafarsa don kada ɗumin hannu ya taɓa abin da ke ciki, ya karkata shi a kan farar takarda ya duba launi. Ja idan ta tsufa takan koma kalar jan bulo, fara kuma takan ƙara duhu. Daga nan ya juya kofin a hankali don ƙamshi ya tashi, ya shinshina. A nan ne ake gane lalatacciya: idan toshiyar kwalbar ta gurɓata, giyar takan yi warin jiƙaƙƙen kwali. A ƙarshe ya kurɓa kaɗan, ya zagaya da ita cikin baki, yana auna tsami da zaƙi da bauri, da tsawon lokacin da ɗanɗanon ke ɗauka kafin ya gushe. Baurin yana fitowa ne daga sinadarin tanin da ke cikin ɓawo da ƙwallon inabi, wanda dangi ne na sinadarin da ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita.

Masu wannan aiki ba su haɗiyewa. Kusa da kowa akwai kwanon tofarwa, domin mutum na iya ɗanɗana iri 50 ko fiye a wuni guda, kuma wanda ya bugu ba ya iya bambance komai. Sana'ar tana da makarantu da takardun shaida. Tun 1955 Faransa ke ba da digirin œnologue, wato masanin haɗa giya, yayin da sommelier shi ne ma'aikacin gidan abinci da ke zaɓa wa baƙi kwalba.

Inda sunayen Faransa suka samo daraja

A 1855, lokacin da sarki Napoleon na uku ya shirya baje kolin duniya a Paris, an nemi dillalan birnin Bordeaux su jera gonakin yankinsu bisa daraja. Dillalan sun duba farashin da kowace gona ta saba sayarwa tsawon shekaru, suka kasa giyar ja gida biyar. A rukunin farko suka sa Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion. Jerin nan har yau da shi ake aiki, kuma babban sauyin da aka yi masa shi ne a 1973, lokacin da gonar Mouton Rothschild ta hau rukunin farko.

Ƴan shekaru bayan jerin, daga shekarun 1860, wani ƙaramin ƙwaro mai suna phylloxera da ya shigo daga Amurka ya riƙa cin saiwar itacen inabi, ya hallaka kaso mai yawa na gonakin Faransa. Maganin da aka samo shi ne yi wa itacen Turai aure da saiwar itacen Amurka, wadda ƙwaron ba ya kashewa, kamar dai yadda masu lambu ke auren mangwaro. Kafin gonakin su farfaɗo, kaya sun yi ƙaranci, algus kuma ya yi yawa. Wasu na haɗa giya da busasshen inabi da sukari da ruwa, wasu na sayo ta Aljeriya, inda Turawan mulkin mallaka suka dasa gonaki masu faɗi, su gauraya su liƙa mata sunan wani yanki na Faransa. Farashi ya faɗi, manoman kudancin ƙasar suka fito zanga-zanga da dubban ɗaruruwa a 1907, na yankin Champagne kuma suka tayar da tarzoma a 1911.

Wannan rikicin ne ya haifar da dokar 30 ga watan Yulin 1935, wadda ta kafa tsarin AOC da hukumar da daga baya aka sani da INAO. Dokar ta ce ba mai sa sunan yanki a kwalba sai idan inabin ya fito daga iyakokin da aka shata, irin da aka amince da shi ne, kuma bai wuce adadin da aka ƙayyade wa kowace hekta ba. Da haka Faransawa suka kafa imanin cewa ƙasa da yanayin wuri, abin da suke kira terroir, su ne ke ba giya ɗanɗanon da ba a samu a wani wuri.

Abin da ya faru a 1976

Wanda ya shirya zaman Paris Bature ne ɗan Ingila mai suna Steven Spurrier, mai shagon giya da ƙaramar makarantar koyar da ɗanɗano a birnin, tare da abokiyar aikinsa Ba'amurkiya Patricia Gallagher. A shekarar Amurka na bikin cika shekaru 200 da samun ƴancin kai, sai suka ga dama ce ta tallata makarantarsu. Spurrier kansa giyar Faransa yake sayarwa, kuma bai yi tsammanin za ta sha kaye ba.

A ɓangaren fara an haɗa shida na Kalifoniya da huɗu na yankin Bourgogne. Wadda ta zo ta ɗaya ita ce Chateau Montelena ta 1973, haɗin Mike Grgich, ɗan asalin Kuroshiya. A ɓangaren ja an haɗa shida na Kalifoniya da huɗu na Bordeaux, kuma Stag's Leap Wine Cellars ta 1973 ta shige gaban Mouton Rothschild da Montrose da Haut-Brion, dukkansu na 1970. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn ta mujallar La Revue du vin de France, ta nemi a mayar mata da takardar makinta da ta ji sakamakon.

Ɗan jarida ɗaya tak ya halarta, George Taber na mujallar Time, kuma gajeren labarin da ya rubuta shi ya bazu a duniya. Jaridun Faransa da farko sun kawar da kai. Masu suka sun ce giyar Bordeaux ba ta nuna kanta sai ta shekara da yawa, don haka an yi mata gaggawa. A 2006 aka sake zaman da giyoyin ja na wancan lokaci, a Landan da kwarin Napa a rana guda, sai na Kalifoniya suka kwashe matsayi biyar na farko, Ridge Monte Bello ta 1971 a gaba. A yau kwalaben da suka yi nasara a 1976 suna ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington. Sakamakon ya ƙarfafa gwiwar manoma a Ostareliya da Chile da Ajantina da Afirka ta Kudu, waɗanda giyarsu ta cika kantunan Turai a shekarun da suka biyo baya.

Ido na rigan harshe

Abin da ya ba mutane mamaki a zaman Paris shi ne wasu alƙalan sun yaba giyar Amurka suna zaton ta gida ce. Daga baya masu bincike sun auna wannan rauni. A 2001, a jami'ar Bordeaux, Frédéric Brochet da abokan aikinsa sun ba ɗalibai 54 masu karatun haɗa giya wata fara da aka rina ja da launin da ba shi da ƙamshi. Ɗaliban suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja.

A 2008 masu bincike na jami'o'in Caltech da Stanford a Amurka sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ba su giya guda sau biyu, sau ɗaya aka ce ta dala 10 ce, sau ɗaya ta dala 90. Mutanen sun ce mai tsadar ta fi daɗi, kuma sashen ƙwaƙwalwa da ke da alaƙa da jin daɗi ya fi motsawa a lokacin. A daidai wannan tsakani wani malamin jami'a mai ritaya, Robert Hodgson, ya riƙa saka giya guda sau uku a jerin da ake ba alƙalan gasar jihar Kalifoniya, ba tare da sun sani ba. Ya gano kusan alƙali ɗaya cikin goma ne kawai ke ba ta maki iri guda a duk zagayen.

Wannan bai soke gwaninta ba. Ƙwararren mai ɗanɗana yana gane lalatacciyar giya, kuma sau da yawa yana faɗin irin inabin da yankin da ya fito. Sai dai binciken ya nuna suna da farashi na shiga baki tare da abin sha, shi ya sa manyan gasa ke rufe kwalba.

Mutumin da makinsa ya zama farashi

A 1978 wani lauya a jihar Maryland, Robert Parker, ya fara buga wata ƴar mujalla da aka sani da The Wine Advocate. Ba ya karɓar talla, kuma yana ba da maki daga 50 zuwa 100, irin na jarrabawar makarantun Amurka, wanda kowane mai saye ke fahimta. Sunansa ya fito ne lokacin da ya yaba amfanin Bordeaux na 1982 tun wasu manyan masu sharhi na ɗari-ɗari da shi, kasuwa kuma ta bi bayansa.

Ƙarfin makinsa ya samo asali daga yadda ake ciniki a Bordeaux. Kowace bazarar Turai, wajen watan Afrilu, manyan gonaki na gayyatar masu sharhi da dillalai su ɗanɗana amfanin bara tun yana cikin gangar katako. Ana sayar da shi a lokacin, a kai wa mai saye kwalabe bayan kimanin shekaru biyu. Mai sayen da ke Hong Kong ko New York bai ɗanɗana ba, don haka maki yake bi. Gonar da ta samu 98 ko 100 na iya ɗaga farashi nan take, wadda ta tsaya ƙasa da 90 kuwa ta sha wahalar sayarwa. Masu suka sun zargi wasu gonaki da sauya haɗinsu don ya dace da bakin mutum guda, mai son giya mai kauri da ƙarfi. Parker ya yi ritaya a 2019, shekarar da kamfanin Michelin ya kammala sayen mujallar.

Inda farashi ya kai, jabu ya biyo

A watan Oktoban 2018 an yi gwanjon kwalba guda ta Romanée-Conti ta 1945 a New York kan dala 558,000, sama da miliyan 300 na sefa. Irin wannan kuɗi shi ke janyo ƴan damfara, kuma wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Rudy Kurniawan, ɗan Indonesiya da ya taɓa zama a Kalifoniya. A gwanjo biyu na 2006 kaɗai ya sayar da kaya na kusan dala miliyan 35. Attajirai da masu sharhi sun sha kwalabensa a liyafa, suna yabawa.

Abin da ya tona masa asiri rajista ce. A 2008 ya kai gwanjo wasu kwalaben Clos Saint-Denis na gidan Ponsot masu ɗauke da shekarun 1945 zuwa 1971. Mai gidan, Laurent Ponsot, ya san iyalinsa ba su fara yin wannan giyar ba sai 1982, sai ya tashi takanas zuwa New York ya sa aka janye su. Da hukumar FBI ta shiga gidan Kurniawan a watan Maris na 2012, ta tarar da dubban takardun liƙawa na jabu da hatimai da tsofaffin kwalabe, da giya mai araha da yake gaurayawa a ɗakin girki. A 2014 kotu ta ɗaure shi shekaru 10, ta kuma umarce shi ya biya waɗanda ya cuta sama da dala miliyan 28.

Kasuwar yau: ana biyan manoma su tumɓuke gonaki

Yayin da ƴan tsirarun kwalabe ke cin miliyoyi, talakan manomin inabi na cikin matsi. A shekarun 1960 Bafaranshe guda na shan sama da lita 100 a shekara bisa matsakaicin lissafi, yanzu kuwa kimanin lita 40. Matasa sun rage sha, wasu sun koma wasu abubuwan, kuma gargaɗin likitoci ya ƙara ƙarfi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 babu adadin barasar da ba shi da illa ga lafiya. Ƙungiyar OIV mai lura da harkar inabi ta ce shan giyar a duniya a 2024 ya sauka zuwa matakin da ba a gani ba tun 1961.

A 2023 gwamnatin Faransa ta ware yuro miliyan 200, kimanin miliyar 131 na sefa, don mayar da rarar giya sinadarin masana'antu. A 2024 ta ƙara da shirin yuro miliyan 120, inda ake ba manomi yuro 4,000, wato sama da miliyan 2 da jika 600 na sefa, kan kowace hektar da ya tumɓuke.

Ɗaya daga cikin mafitar da kamfanoni ke nema ita ce giyar da aka cire wa barasa, wadda suke fatan sayarwa har a ƙasashen Musulmi. A nan ma rubutun jikin kwalba na bukatar karatu da kyau. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a rubuta désalcoolisé a kan giyar da barasarta ba ta wuce kashi 0.5 cikin 100 ba, kuma asalinta giya ce da ta tsimu kafin a tace. A dokar Faransa, giyar sha'ir da aka rubuta wa sans alcool na iya kaiwa kashi 1.2. Wanda aka rubuta wa jus de raisin, ko da mai kumfa ne a kwalba irin ta Champagne, ruwan inabi ne da ba a bari ya tsimu ba. Ga masu sayen kwalaben biki a manyan kantunan Yamai ko Maraɗi, bambancin na cikin ƙananan haruffan da ke bayan kwalba.

Daga Champagne zuwa Galmi

Tsarin da manoman inabi suka yi gwagwarmayar kafawa a 1935 ya bazu zuwa cuku da man zaitun da sauran kaya, sannan ya ƙetaro Afirka ta hannun hukumar OAPI mai cibiya a Yawunde, wadda Nijar ke cikinta. A 2013 ta yi rajistar kayan farko: masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru, da kofin Ziama-Macenta na Gini. Daga baya albasar Galmi ta jihar Tawa da kilishin Nijar su ma suka samu wannan shaida.

Tarihin inabi ya nuna takardar shaida mafari ce kawai. Sunayen Faransa sun daɗe ne saboda akwai rubutattun ƙa'idoji, da masu binciken gona, da ƙungiyoyin manoma masu bin haƙƙinsu har kotu. Kwamitin Champagne ya tilasta wa kamfanin Yves Saint Laurent sauya sunan wani turare a 1993, kuma a 2023 ya sa jami'an duwan na Beljiyam lalata gwangwani 2,352 na wata giyar Amurka don kawai an rubuta kalmar Champagne a jikinsu. Duk da haka, zaman 1976 ya nuna cewa wanda ya kwana kan suna, baƙo na iya shan gabansa ranar da aka rufe kwalba.

Albasar Galmi na tafiya Abijan da Akra da Kwatano, kuma ana noma irinta a wasu ƙasashen yankin. Mai saye a can yana biyan ƙarin kuɗi ne don yajinta da yadda take jure ajiya. Aikin da ke gaban ƙungiyoyin manoma da ƴan kasuwar albasa shi ne irin wanda manoman inabi suka yi bayan 1935: shata iyakar gonakin da suka cancanci sunan, tsare ingancin iri, riƙe rajistar buhunan da suka fita, da samun wakilan da za su buɗe buhu a kasuwannin waje su tabbatar abin da ke ciki shi ne aka rubuta a baya.